Diyyar ɗan babur a Doha: doka tana gefensa, lokaci yana gefen mai biya

Da wuya danja ta tsayar da motoci a unguwar Al Sadd ko kan titin Salwa a Doha ba ka ga baburan kai saƙo sun taru a gefe ba, kowanne da akwatinsa a baya, na Talabat ruwan lemo, na Snoonu ja. Masu tuƙa su baƙi ne kusan gaba ɗaya, a ƙasar da kusan tara cikin goma na mazaunanta baƙi ne: 'yan Pakistan, Nepal, Bangaladash, Yuganda, Kenya, Gana da Najeriya. Aikin yana jan hankalin matashinmu don ba sai an koya masa ba. Wanda ya yi acaɓa a Kano kafin gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, ko wanda ya yi kabu-kabu a Maraɗi, idan dillalin biza ya ce masa akwai aikin babur a ƙasar Larabawa, gani yake kakarsa ta yanke saƙa. Dillali ba ya ambaton ranar da mota za ta kwashe shi, balle abin da zai biyo baya. Dokar diyya a Ƙatar, in aka karanta ta yadda aka rubuta, tana gefen wanda ya ji rauni fiye da yadda mahayan suke zato. Sai dai lokaci yana gefen wanda zai biya, kuma sau da yawa haƙƙin yana salwanta tun a kwanakin farko, kafin maganar ta kai ko ƙofar kotu.

Hukuma ta san girman haɗarin. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a Nuwamban 2021 ya ce a shekarar 2020 ma'aikata 50 suka mutu a Ƙatar ta dalilin aiki, sama da 500 suka ji munanan raunuka, 37,600 kuma suka ji raunuka ƙanana da matsakaita, kuma faɗowa daga sama da haɗarin hanya su ne kan gaba wajen munanan raunukan. Wannan lissafin shekarar korona ne, lokacin da odar abinci ta waya ta bunƙasa, daga nan gasar cin kofin duniya ta 2022 ta ƙara wa kasuwar ƙarfi. An hana kai saƙo a babur daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma a watannin zafi, a ƙarƙashin ƙa'idar da ke hana aiki a fili daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. A 2024 Ma'aikatar Cikin Gida ta wajabta wa baburan kai saƙo bin layin dama na titi. Duk waɗannan matakan rigakafi ne. Maganarmu ta bayan an faɗi ce.

Ɗan babur da ya ji rauni yana bakin aiki yana da ƙofa biyu, kuma da yawa ɗaya kaɗai suka sani, in ma sun sani. Ta farko ita ce Dokar Ƙwadago mai lamba 14 ta 2004. Ta ɗauki haɗarin da ya faru ana cikin aiki a matsayin raunin aiki, har da wanda ya faru a hanyar zuwa aiki ko komawa masauki, muddin mutum bai ratse daga hanyarsa ta yau da kullum ba. Sashe na 108 ya wajabta wa mai aiki sanar da 'yan sanda da ma'aikatar ƙwadago nan take. Sashe na 109 ya ɗora masa kuɗin magani, ya kuma ce ma'aikaci zai ci gaba da karɓar cikakken albashinsa tsawon jinya har wata shida, in jinyar ta zarce haka sai a koma rabin albashi har ya warke ko a tabbatar ya nakasa. Sashe na 110 ya ce in rai ya salwanta a biya magada diyya bisa shari'ar Musulunci, nakasa ta gaba ɗaya hukuncinta ɗaya da mutuwa, nakasar wani sashe na jiki kuma a auna ta da kashi cikin ɗari. Sashe na 114 ya ba mai aiki kwana 15 kacal ya biya bayan an tabbatar da nakasar. Muhimmin abu a nan shi ne ba a buƙatar ma'aikaci ya nuna cewa kamfani ya yi sakaci. Ya isa a tabbatar aiki yake yi lokacin da abin ya faru.

A sa lambobi a kai don a ga abin da ake magana. Doka mai lamba 19 ta 2008 ta tsayar da diyyar kisan kuskure a kan riyal 200,000, wato kusan dalar Amurka 55,000, tunda riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.64. Idan ƙafar mutum ta karye aka sa masa ƙarfe, bayan jinya likitocin da hukuma ta amince da su suka rubuta cewa ya nakasa da kashi 15 cikin ɗari, lissafinsa riyal 30,000 ke nan. In sun rubuta kashi 5, ya koma 10,000. Layi ɗaya a takardar likita shi ke raba waɗannan kuɗaɗen biyu, kuma in aka yi saɓani a kan lafiyar ma'aikaci, dokar ta ce a miƙa shi ga hukumar likitoci, abin da ta yanke shi ne ƙarshe. A gefe guda kuma mafi ƙarancin albashi a ƙasar, tun Maris na 2021, riyal 1,000 ne a wata, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai bayar da su ba. To riyal 30,000 albashin wata talatin ne na mai karɓar mafi ƙaranci. Amma wannan lissafin yana da wani gefe mai ɗaci. Da yawan mahayan abin da ke riƙe su shi ne kuɗin da ake ba su kan kowane saƙo da suka kai. Ranar da suka kwanta a asibiti wannan kuɗin ya tsaya, cikakken albashin da doka ta ambata kuma daga abin da aka rubuta a kwantiragi ake fara lissafa shi.

Ƙofa ta biyu ta direban da ya buge shi ce, ko a ce ta kamfanin inshorarsa. A ƙarƙashin Dokar Zirga-zirga mai lamba 19 ta 2007 ba a yi wa mota rajista ba tare da inshorar da ke biyan wanda aka cutar ba. Dokar mu'amalar jama'a mai lamba 22 ta 2004 ta kafa ƙa'idar cewa duk wanda kuskurensa ya cutar da wani sai ya biya, ta kuma ƙara da cewa karɓar diyya ba ya hana mutum neman fansar sauran asarar da ya yi, sai in shi da kansa ya sarayar da wannan haƙƙin. Wa'adin shigar da irin wannan ƙarar shekara uku ne daga ranar da mutum ya san cutar da wanda ya jawo ta. Wannan ƙofar ta fi faɗi, don tana iya ɗaukar asarar sana'a da raɗaɗin da aka sha, amma ta fi tsauri, don a nan sai an tantance mai laifi. Ginshiƙin tantancewar kuwa rahoton 'yan sandan hanya ne, sai hukuncin kotun laifuka in an gurfanar da direban, wanda kotun diyya ke ginawa a kai.

Ga yadda haƙƙi ke fara zubewa. Mota ta goge babur a wani shataletale, mahayi ya faɗi, ya miƙe yana karkaɗe wando. Jikinsa da ɗumi, bai ji komai ba tukuna, hankalinsa yana kan abincin da ya zube da agogon da ke tafiya a wayarsa. Direba ya fito yana ba da haƙuri, wataƙila ya zaro riyal ɗari biyu ko uku. Aka kira mai kula da mahaya na kamfani, shi kuma tambayarsa ta farko babur ce, don na kamfani ne. A Ƙatar ana iya rajistar ƙaramin haɗari ta manhajar Metrash cikin 'yan mintuna, a ɗauki hotunan ababen hawan kowa ya kama gabansa, amma an yi wannan tsarin ne don haɗarin da ba a ji rauni ba. In aka bi ta nan, ko aka watse ba a rubuta komai ba, takarda ta riga ta shaida cewa kowa lafiyarsa lau. Kwana biyu bayan haka gwiwa ta kumbura ko wuya ya ƙi juyawa, mutum ya tafi asibiti ya ce faɗuwa ya yi, don kada ya jawo wa kansa magana a wurin aiki. Da bakinsa ya raba raunin da haɗarin, ya kuma raba shi da aikin. Wanda ya kira lambar gaggawa ta 999, motar asibiti ta ɗauke shi zuwa asibitin Hamad, 'yan sanda suka zo suka rubuta, ya faɗa wa likita cewa saƙo yake kaiwa, ya ajiye hoton odar da ke wayarsa a daidai wannan lokacin, shi ne ya riƙe ƙofofin biyu a buɗe, ko da bai san sashe ɗaya na doka ba.

Daga nan sai jira, kuma a jiran ne ƙarfin ɓangarorin ke bayyana. Ba a auna nakasa sai ciwo ya tsaya inda zai tsaya, karaya kuwa tana iya cin watanni kafin a rubuta rahoton ƙarshe. A duk tsawon wannan lokacin izinin zaman mahayin yana rataye da mai aikinsa, masaukinsa ma galibi na mai aikin ne. Mai aikin kuma sau da yawa ba shi ne kamfanin da sunansa ke jikin akwati ba. Manhajojin suna samun mahaya ta hannun ƙananan kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata, su ne masu biza, su ne doka ke bi bashi. A gida ana jiran aike, dillalin da ya yi biza ko wanda ya ranta kuɗinta yana jiran nasa, duk da cewa dokar Ƙatar ta hana karɓar kuɗin ɗaukar aiki daga ma'aikaci. A wannan halin sai a zo masa da tikitin jirgi da 'yan dubban riyal da takarda cikin Larabci ya sa hannu. Takardar tana iya zama shaidar cewa ya karɓi dukkan haƙƙinsa. Ba lallai ne a yi masa barazana ba, matsi kaɗai ya isa. Kamfanin inshora zai iya jira shekara bai ji a jikinsa ba, mai sanda a hammata da 'ya'ya a Katsina ba zai iya ba. Sashe na 113 kuma ya ce haƙƙin neman diyyar aiki yana faɗuwa bayan shekara ɗaya daga rahoton likita na ƙarshe.

Ƙorafin da ya fi nauyi kan neman diyya a wurin Bahaushe na addini ne. Za a ce haɗari ƙaddara ce, wanda ya buge ka bai yi niyya ba, cin kuɗin jini ba ɗabi'ar mutumin kirki ba ce, a bar wa Allah. Wannan tarbiyyar tana da kyau, ita ce ke kashe rigima a bakin titi a garuruwanmu kafin ta zama gaba tsakanin dangi. Sai dai in an ce addini, to a bi shi har ƙarshe. An shar'anta diyya ne musamman don abin da ba a yi da gangan ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta ta a kisan kuskure, ta bar wa iyalan mamaci zaɓin su yi sadaka da ita. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidil Ƙairawani ya wuce ta babin da aka jera raƙuma 100 na rai, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, rabin diyya na hannu ɗaya, raƙuma goma na yatsa, biyar na haƙori. Malaman da suka ƙididdige haƙori ba su ga hakan ya ci karo da imani da ƙaddara ba. Sun kuma ɗora diyyar kuskure a kan aƙila, dangin mai kuskuren ta wajen uba, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. A Doha ta yau aikin da aƙila ke yi inshora ce ke yin sa. Saboda haka mai cewa ya yafe ya fara tambayar wa yafiyar za ta amfana. In nufinsa ya sassauta wa direba a shari'ar laifi, wannan alheri ne, kuma yana iya yin sa da idonsa a buɗe. In kuwa takardar ta haɗa da kuɗin, sadakar ta tafi ga kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗin inshora don irin wannan ranar, an kuma cire ta daga bakin iyalin da ba a yi shawara da su ba.

Ƙorafi na biyu daga masu motoci yake fitowa, kuma ba ƙarya suka yi ba. 'Yan babur suna kutsawa tsakanin motoci, suna duba waya suna tuƙi, wasu suna tsallake jan danja duk da tarar riyal 6,000 da ke kai. Me zai sa a biya wanda ya jawo wa kansa? A ƙofa ta biyu wannan hujjar tana aiki: in laifin nasa ne gaba ɗaya inshorar ɗaya direban ba za ta biya shi ba, in sun yi tarayya a laifin alƙali yana iya rage kuɗin. A ƙofa ta farko kuwa dokar ta ƙayyade abubuwan da ke kore haƙƙi a sashe na 111: mutum ya ji wa kansa rauni da gangan, ko yana cikin maye, ko ya saɓa wa umarnin kariya da gangan ko ya yi mummunan sakaci a kansa, ko ya ƙi a duba shi ko ya ƙi magani ba dalili. Kuma sai an tabbatar, faɗar mai kula da mahaya ba ta isa ba. Kuskuren tuƙi na yau da kullum daban, mummunan sakaci daban, kodayake wanda ya rataya hular kwano a hannun babur ya ba abokin shari'arsa makami da hannunsa. Ban da haka, gaggawar tana da tushe. In ana biyan mutum da yawan saƙon da ya kai, manhaja tana ƙirga mintunansa, mai oda yana ba shi taurari ko ya hana, to an riga an saka gudu cikin albashinsa. Bai dace a ci ribar saurin ranar da aka isa lafiya, a kira shi ganganci ranar da aka faɗi ba.

Akwai kuma masu ra'ayi biyu da ke karo da juna, kowannensu yana kai mai rauni ga zama. Na farko suna cewa baƙo, baƙar fata ma, ba ya cin shari'a a ƙasar Larabawa, don haka ɓata lokaci ne. Na biyu suna cewa an gyara komai tun kafin kofin duniya, tsarin zai yi aikinsa da kansa. An yi gyara na gaske. Kwamitocin warware rikicin ƙwadago da doka mai lamba 13 ta 2017 ta kafa sun fara zama a 2018, alƙali ne ke shugabantarsu, kuma an ba su mako uku su yanke hukunci. Ƙarar ma'aikaci ba a biyan kuɗin kotu a kanta. A 2018 an kafa asusun tallafa wa ma'aikata da ke biyan abin da kwamiti ya yanke in mai aiki ya gaza. A shekarar ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buɗe ofis a Doha, an kuma cire wa yawancin ma'aikata neman izinin fita ƙasa, sannan a 2020 aka soke neman yardar mai aiki kafin canja aiki. Wanda ya ce babu hanya bai duba ba. Amma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta nuna a rahotonta na 2019 cewa makonni ukun nan suna komawa watanni, baƙin ma'aikata ba su da izinin shiga ƙungiyar ƙwadago, shari'a da Larabci ake yi kuma kowace takarda sai an fassara ta. 'Yancin canja aiki ma ba ya amfanar wanda ƙafarsa ke cikin filasta, don babu mai ɗaukarsa. Gyaran ya buɗe ƙofar, bai ba mai rauni abin da zai ci yana layi ba.

Wanda ya fi kowa shiga uku shi ne mai abin da ake kira firi biza, wanda ya sayi biza da sunan wani kamfani da ba ya yi wa aiki, ko yake kai saƙo da asusun wani a manhaja. A idon doka aikinsa bai halatta ba, kamfanin da ke kan katinsa zai ce bai aike shi ba, wanda yake yi wa aikin zai ce bai san shi ba. Ƙofa ta farko ta kusa rufewa gare shi, ta biyu kuma tsoron 'yan sanda yana hana shi kusantarta. Dillalai suna tallata wannan bizar a matsayin 'yanci, kuma ta fi tsada.

Wani ɓangare na matsalar daga gida muka tafi da shi. Najeriya tana da dokar inshorar ababen hawa tun 1945, an ɗaga kuɗinta na ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, amma a idon yawancin direbobi takarda ce da ake nuna wa ɗan sanda a shinge. Wanda ya tashi bai taɓa ganin inshora ta biya kowa ba, ba zai yi tunanin ta Doha tana biya ba. Wannan giɓin ofisoshin jakadanci da shugabannin al'ummomin 'yan Najeriya da Nijar a Ƙatar za su iya cike shi da abu kaɗan: mai fassara da zai karanta takarda kafin a sa hannu, da sunayen lauyoyin da aka gwada. Gyaran da ya rage wa Ƙatar kuma a bayyane yake: a tabbatar wa mai rauni zama da masauki har a rufe maganar diyyarsa, a kuma sa kamfanin manhaja ya yi tarayya da ƙaramin kamfani wajen ɗaukar nauyi, tunda shi ke tsara aikin kuma shi ke da aljihun da ba ya ƙafewa dare ɗaya.

Kafin a kai can, wanda dole ta sa zai koma gida yana da mafita guda da doka ta tanada. Zai iya yi wa lauya takardar wakilci a hukumance kafin ya tashi, ya tafi da kwafin rahoton 'yan sanda da na asibiti da kwantiraginsa, shari'ar ta ci gaba ba ya nan. In rasuwa aka yi, dokar ta ce mai aiki ya ajiye diyyar a kotu cikin kwana 15, kotu ta raba wa magada. Magadan suna buƙatar takardar tantance su daga kotun garinsu, a tabbatar da ita a ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci, a fassara ta zuwa Larabci, su kuma wakilta wani a Doha. Wannan zirga-zirgar tsakanin kotun shari'a da Abuja ko Yamai tana cin watanni, shekara ɗayan da sashe na 113 ya bayar kuwa daga ranar rasuwar take fara ƙirguwa.